Sankarar Ta Tafi, Hannun Ya Ƙi Ɗaguwa

Assalamu alaikum Malama. Shekarata 53, a Garwa nake zaune, ɗana ne ya rubuta mini wannan. Wata 16 ke nan da aka cire mini nonon hagu a Yawunde saboda sankara, aka haɗa da kaluluwar hammata. Na yi shimiyo, wato ƙarin ruwan maganin sankara, na je Duwala aka yi mini gashi da na'ura mai ƙone sankara, yanzu kullum ina shan ƙwaya ɗaya mai suna letrozol. Likita ya ce ciwon ya tafi, alhamdu lillahi, amma ni ban huta ba. Hammatata da cikin damtsena suna zafi kamar an shafa barkono, wani lokaci su riƙa suka kamar allura. Ƙirjina a ɗaure yake, hannun ba ya kai wa in ɗaura ɗankwali sai 'yata ta ɗaura mini. Da asuba yatsuna da gwiwoyina a sandare nake tashi da su. Ranar da aka sallame ni wata ma'aikaciya ta ce kada in ɗauki abu mai nauyi da hannun, to tun daga ranar ko buta ban ɗauka da shi ba. Maigida ya hana ni girki, abokiyar zamana da 'yata ke yin komai, alhali da ni ke suyar ƙosai a ƙofar gida. Wata maƙwabciya ta ce ciwon ne ya dawo, wata ta ce a yi mini ƙaho. Ina shan diklofenak na kasuwa, in abin ya yi tsanani in sha tramol. Ɗana da ke karatu a Ngaundare ya ce motsa jiki ne maganin. Malama, mai ciwo ce za ta yi motsa jiki? Ba zai kumbura mini hannun ba?

Mai Ƙosai, Garwa

Wa alaikumus salam Hajiya. Sannu da jiki, sannu kuma da hanya. Wadda ta sha mota daga Garwa zuwa Ngaundare, ta kwana a jirgin ƙasa zuwa Yawunde, ta maimaita wannan ba sau ɗaya ba da shimiyo a jikinta, ta cancanci a yi mata sannu biyu. Allah Ya sa kaffara ne.

Ɗanki yana da gaskiya. Amma zan fara da maƙwabciyarki ta farko, domin na san maganarta ta fi hammatar hana ki barci.

Yadda kika kwatanta ciwon nan ya yi kama da na jijiya da na sagewar tsoka, bai yi kama da dawowar sankara ba. Sai dai ba a duba mara lafiya ta wasiƙa. Kafin ki fara komai cikin abin da zan faɗa, ki je likita ya taɓa tabon, ya taɓa hammatar da ramin wuya, ki faɗa masa duk abin da kika faɗa mini, har da tramol ɗin. Abubuwan da ke sa a ƙara bincike su ne sabon ƙullutu ko gyambo a kan tabon, ciwo mai zurfi a ƙashi wuri ɗaya wanda ke tsananta da dare kuma ba ya sauƙi duk yadda kika juya, ciwon baya da ya zo da raunin ƙafa, tarin da ya ƙi tafiya, haki ba dalili, da rama. Dalilin da ya sa na dage a kan wannan shi ne, idan sankara ta taɓa ƙashi, ɗaga nauyi na iya karya shi, tsarin motsa jikin ma ya zama wani daban. Idan likita ya duba ya ce babu komai, to ki ajiye maganar maƙwabciya a inda kika tsince ta.

Kuma ki sani kina da 'yan'uwa da yawa a wannan hali. A ƙasar Danmak an taɓa bin matan da aka yi wa tiyatar sankarar nono, sama da 3,000 suka amsa tambayoyi shekara biyu zuwa uku bayan aikin, aka buga sakamakon a 2009. Kashi 47 cikin 100 suka ce har lokacin suna jin ciwo, kuma waɗanda aka kwashe wa kaluluwar hammata da waɗanda aka yi wa gashi sun fi yawa a cikinsu. Wannan a ƙasar da asibiti ke kusa da gidan kowa. Mu a nan mace takan yi shiru ne, don ana ganin wadda Allah Ya raba da sankara ba ta da bakin kukan hammata. Godiya daban, neman sauƙi daban.

Ciwo uku ne suka tare miki a gida ɗaya, kowanne da asalinsa.

Barkonon nan da allurar aikin jijiya ne. Akwai wata siririyar jijiya da ke fitowa daga tsakanin haƙarƙari, ta ratsa hammata, ta sauka cikin damtse, ita ke kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da ya taɓa fatar wurin. Tana kwance ne daidai kan hanyar likita sa'ad da yake ciro kaluluwa, don haka sau da yawa a ja ta, ko a yanke ta. Jijiyar da ta ji rauni takan riƙa aika saƙon ƙarya: riga ta goga ki, ita kuma ta kai rahoton wuta. Idan abin ya daɗe, ita kanta ƙwaƙwalwa takan ƙara kasa kunne a wurin, ƙaramin motsi ta ɗauke shi babba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zafin da kike ji gaskiya ne, ba raki ba ne, amma ba ya nufin wani abu yana lalacewa a ciki duk sanda kika ɗaga hannu. Naman da aka ɗinka ya haɗe tun cikin watannin farko.

Ɗaurewar ƙirji da kafaɗa kuwa, rabi gashi ne ya jawo, rabi ajiyar da kika yi wa hannun. Tabo yakan tsuke yayin da yake warkewa, gashi kuma yakan sa fata da tsokar ƙirji su yi tauri sannu a hankali, har bayan watanni da gama shi. Tsokar ta gajarce, ta jawo kafaɗa gaba. Ke kuma kina jin zafi kina ƙara manne hannun a jiki. Kafaɗa gaɓa ce da ba ta yafe zama. In aka bar ta makonni ba motsi, jakar da ta lulluɓe ta sai ta tsuke. Ke wata 16 kika yi. Ina da goggo a Marwa da aka yi wa irin aikinki. Shekara guda tana rungume da hannunta kamar jinjiri, wuyanta ya karkace, allon kafaɗarta ya riƙa ciwo fiye da wurin da aka yanka. Mu da ke gidan muka ɗauka kula muke yi da ita, muna rige-rigen karɓe mata kwanon sha. Sai da wani kine, wato ma'aikacin asibiti mai gyaran gaɓoɓi ta hanyar motsa jiki, ya gan ta ya yi mana faɗa, mu ba ita ba.

Na uku, sandarewar yatsu da gwiwa da asuba, daga ƙwayar nan ne. Letrozol da 'yan'uwansa anastrozol da eksemestan suna rage sinadarin mata da ake kira estrojen, wanda irin sankararki ke ci ta girma. Ciwon gaɓoɓi sanannen kuɗin da ake biya ne a kan wannan kariya, kusan rabin masu shan su suna kuka da shi, har wasu su daina shan maganin a ɓoye. Kada ki zama cikinsu. In abin ya gagara, likita na iya sauya miki wani daga cikin dangin, ko ya mayar da ke tamoksifen. A nan ne kuma hujjar ɗanki ta fi ƙarfi. A Jami'ar Yale ta Amurka, Melinda Irwin da abokan aikinta sun ɗauki mata 121 masu shan irin wannan ƙwaya da ciwon gaɓoɓi. Rabi aka sa su tafiya da makamantanta na minti 150 a mako da ɗaga nauyi sau biyu, rabi aka bar su yadda suke. Bayan shekara, a rahoton da ya fito a 2015, tsananin ciwon masu motsa jiki ya ragu da kashi 29 cikin 100, na sauran kuwa ya ɗan ƙaru. Ƙwayar tana kuma rage ƙwarin ƙashi, tafiya da ɗaga nauyi suna cikin abin da ke riƙe shi.

Yanzu ma'aikaciyar da ta gargaɗe ki. Ba ƙarya ta yi ba. A makonnin farko, da ɗinki ɗanye da robar tsiyayar ruwa a hammata, daidai ne a hana ɗaukar nauyi. Abin da ya ɓace a tsakani shi ne ranar da hanin zai ƙare, ita ba ta faɗa ba, ke ba ki koma kin tambaya ba, kuma wa zai yi tafiyar kwana biyu don tambaya ɗaya? Ban da haka, shekaru da dama likitocin duniya kansu haka suke koyarwa: wadda aka cire wa kaluluwa ta lallaɓa hannun har abada, don gudun kumburin da ake kira limfedem. Kaluluwa mashigar wani farin ruwa ce da ke tsiyayewa daga hannu ya koma jini. In aka rage mashigar, ruwan na iya taruwa hannu ya yi nauyi. An zaci aiki zai ƙara taro.

Kathryn Schmitz, lokacin tana Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka, ta gwada zaton. A 2009 ta fitar da sakamakon mata 141 waɗanda hannunsu ya riga ya kumbura. Rabi suka yi shekara suna ɗaga ƙarfe sau biyu a mako, sanye da safar hannu mai matsewa, suna farawa da ɗan ƙaramin nauyi suna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kumburin ya tashi wa 14 cikin 100 na masu ɗaga ƙarfen, ya tashi wa 29 cikin 100 na waɗanda suka zauna. A 2010 ta kawo na matan da ba su kumbura ba tukuna, irinki. Cikin waɗanda aka cire wa kaluluwa biyar ko fiye, 7 cikin 100 na masu ɗaga nauyi ne suka kumbura, a ɗaya ɓangaren 22. A Ingila kuma, a 2021, wani gwaji kan mata 392 ya nuna cewa waɗanda aka fara wa motsa kafaɗa kwana 7 zuwa 10 bayan tiyata sun fi sauran amfani da hannu da ƙarancin ciwo bayan shekara. Hannun da ke cikin haɗari shi ne raunanan da aka ajiye, rana ɗaya jika ya taho zai faɗi a cafe shi da shi.

Ba zan yi miki alkawarin da ba zan iya cikawa ba. Kafaɗa za ta saki, wannan ina da yaƙini in kin dage. Gaɓoɓi za su yi sauƙi. Zafin jijiya shi ne mai taurin kai: yakan lafa, ya rage zuwa, wani lokaci sai an haɗa da magani, kuma wata fatar cikin damtse da ta mutu, wato ta daina jin taɓi, tana iya zama a haka har abada. Kuma lissafin na watanni ne. Mako shida zuwa goma sha biyu kafin ki ga bambancin da za ki nuna wa mutum.

Ki fara da miƙa, kullum, sau biyu. Bayan wanka ya fi, lokacin jiki ya yi laushi. Ki zauna ki ja numfashi mai zurfi har haƙarƙarin hagu ya buɗe, sau biyar, domin mai ciwon ƙirji takan saba da guntun numfashi ba ta sani ba. Ki juya kafaɗu baya sau goma. Sai ki fuskanci bango, ki ɗora yatsun hannu biyu, ki sa su hau kamar gizo-gizo har inda kika ji ja a hammata. Ki tsaya nan, ki ƙirga ashirin a natse kina numfashi, ki sauko. Sau biyar. Ki juya gefe ki yi da hannun hagu kaɗai, wannan ya fi wuya. Ranar farko ki sa 'yarki ta ja layi da gawayi a inda yatsan tsakiya ya kai, ta ja wani a inda na dama ke kaiwa. Duk Juma'a a sake ja. Kine ɗin goggona ne ya koya mana wannan, kuma na ga amfaninsa: ranar da zuciya ta ce ba a ci gaba, bango yakan ƙaryata ta.

Sai muciya. Ki kwanta rigingine a tabarma, gwiwoyi a tanƙwashe, ki riƙe muciya ko sandar tsintsiya da hannu biyu, ki ɗaga ta sama ki wuce da ita bayan kai. Hannun dama ne jagora, shi ke jan na hagu. Kada bayanki ya bar tabarma, in ya gantsare to baya ne ke aikin, kafaɗa tana hutu. Kina nan kwance, ki haɗa yatsu a ƙeya, ki bar gwiwoyin hannu su sauka gefe su nufi ƙasa. Wannan ce ke buɗe tsokar ƙirjin da gashi ya tsuke, kuma ita ce hanyar ɗankwalinki. Da farko gwiwar hagu za ta tsaya a sama kamar fiffiken kaza, ki sa matashi a ƙarƙashinta ki bar nauyinta ya yi aiki. Daga ƙarshe ki zauna ki matse allunan kafaɗa biyu baya kamar za su riƙe lemon tsami a tsakaninsu, sau goma. Duka bai fi minti goma sha biyar ba. Idan kin ga wani abu kamar igiya ya miƙe a ƙarƙashin fata daga hammata zuwa gwiwar hannu, kada ki firgita, sananne ne bayan wannan aiki, miƙa da hannun kine ke sakin sa.

Fatar da ke zafi ita ma koya mata ake yi. Ki shafa man kaɗanya a tabon, ki ɗora yatsu biyu ki motsa fatar a kan naman da ke ƙasa, sama da ƙasa, hagu da dama, minti uku zuwa biyar. Cikin damtse kuma ki riƙa shafa shi da auduga ko gyale mai santsi minti biyu, sau da dama a yini. In ya saba, ki koma atamfa, daga nan tawul. Jijiyar ce ake nuna wa cewa tsumma tsumma ne. Abu ɗaya na roƙe ki: ban da gashi da ruwan zafi irin na jego, ban da tsumma mai tururi. Fatar da ta mutu ba ta sanar da ƙuna sai ta sale, kuma ƙuna a wannan hannu ƙofar cuta ce.

Tambayar da za ta taso miki tun ranar farko ita ce, in ya yi zafi fa? Zai yi. Ki kasa ciwo gida goma a ranki. Ja da ɗan zafi har gida uku ko huɗu, wanda kike iya numfashi da magana a cikinsa, ki ci gaba. Wanda ya harba kamar minjirya ta taɓa ki, ya sauka har yatsu, ki ja baya kaɗan ki tsaya a ƙasa da wurin. Alƙalin gaskiya shi ne washegari da safe. In kin tashi ciwon ya koma yadda kika saba, abin da kika yi jiya daidai ne. In ya ƙaru ya wuni, kin zarce, ki yi rabinsa yau. Rabi na ce, ban ce ki bari ba. Kuma ki yi hattara da ranar daɗi fiye da ranar ciwo. Mata da yawa a nan suke faɗuwa: an tashi garau, ga suna a maƙwabta, sai a kama taɓarya a rama bashin shekara, a kwanta kwana huɗu, gida duka ya ce ai mun faɗa. Ranar daɗi ki yi abin da aka tsara, ki ajiye sauran ƙarfin.

Bayan mako biyu ko uku da miƙa, sai a shiga ƙarfafa hannu, sau biyu a mako da hutun kwana biyu a tsakani. Ba sai kin sayi komai ba. Litar ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka ƙaramar gorar ruwan Tangui rabin kilo ce, babbar kilo ɗaya da rabi, kuma ana iya cika ta rabi. Ki fara da ƙaramar. Ki lanƙwasa gwiwar hannu ki miƙe, sau goma. Ki ɗaga hannu gaba zuwa tsayin kafaɗa, sau goma, sannan gefe. Ki dafa bango da tafin hannu biyu ki matso ki tura. Ki zauna a kujera ki tashi ba tare da dafawa ba, sau goma, wannan na gwiwoyi ne. Ki huta ki sake zagaye ɗaya. In kin yi zama uku ko huɗu a nauyi ɗaya ba wani sauyi a hannun, ki ƙara ɗan ruwa. In kin yi fashin mako biyu saboda zazzaɓi ko tafiya, ki koma baya ki sake hawowa. Haka aka yi wa matan Fensilbaniya.

Kafin ki ɗaga gorar farko, ki aro tef ɗin awo na tela. A auna kaurin hannayen biyu a tsintsiyar hannu, da santimita 10 ƙasa da gwiwar hannu, da santimita 10 sama da ita, a rubuta. A maimaita duk mako biyu, da safe. In hagu ya ɗara yadda yake da santimita 2, ko zobe da warwaro suka fara matsewa, ko hannun ya yi nauyi ya ƙi sauka, ki dakata da gora ki nemi a duba. In kuma ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga, asibiti a ranar, ba gobe ba. Kine, wanda 'yan'uwanmu na Najeriya ke kira likitan gashin ƙashi, a manyan asibitoci ake samunsa. Ko zuwa uku kika iya biya, ki je ya ga yadda kike yi ya gyara miki, musamman kafaɗar. In ta riga ta daskare sosai tana bukatar hannunsa.

Tafiya kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa minti 150 a mako ga babba, wato rabin awa kwana biyar. Ke ki fara da minti goma. Saurin da ake so shi ne wanda za ki iya hira amma ba za ki iya rera waƙa ba, kuma ki bar hannun hagu ya riƙa lilo, kada ki naɗe shi cikin hijabi. A Garwa, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40, don haka bayan sallar asuba ne lokacinki, ko dab da magariba, da ruwan sha a hannu. In fita tana da wuya, zagayen tsakar gida ma tafiya ce. In kina zuwa Islamiyya ko gidan 'yar'uwa, ki sauka daga moto tun da saura. Cikin azumi ki mayar da gora bayan buɗa-baki. Tafiya ita ce za ta fi taɓa gajiyar nan da shimiyo ya bari da rashin barci, ga shi wadda ta yi barci ciwonta ma yakan sassauta washegari.

Ƙaho da tsaga a wannan hannu ko wannan ƙirji, a'a. Ba raina wanzamai nake ba, amma hannun da aka rage wa kaluluwa an rage masa masu gadi, ƙaramin yanka na iya zama babban kumburi, kuma babu mataccen jinin da za a zuƙo daga jijiyar da aka yanka. Diklofenak na kullum yana cin ciki yana gajiyar da ƙoda, balle a garin da ake zufa haka, kuma bai cika taɓa zafin jijiya ba. Tramol na tebur kin fi ni sanin abin da ya yi wa samarin garuruwanmu. Jiki yana sabawa da shi, kuma ba ki da tabbacin abin da ke cikin ƙwayar. In kin daɗe kina sha kullum, kada ki yanke rana ɗaya, likita ya sauke ki a hankali. Akwai magungunan da aka sani da zafin jijiya, irin su amitriptilin da gabapentin, likita ne ke rubuta su yana daidaita awo. Amfaninsu a wurinki shi ne su rage wutar har ki samu damar motsawa.

Saura mutanen gida. Kai ɗan Ngaundare, tunda kai ka rubuta na san kai za ka karanta: ka karanta wa Alhaji wannan sashe, a natse, ba da muryar ɗan jami'a ba. Alhaji, hanin da ka yi ƙauna ce, kuma samun abokiyar zama da ta riƙe girkin wata 16 ba ƙorafi ni'ima ce, Allah Ya saka mata. Amma yanzu kulawar ta sauya kama. A mayar wa Hajiya aikinta da kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake ƙara ruwa a gora. Buta tun yau. Tankaɗe, tsintar shinkafa, shara da wanke-wanke a makonnin farko. Shanya a igiya miƙa ce mai kyau. Daga nan dakan yaji a ƙaramin turmi, da tuƙin tuwon mutum biyu. Tukunyar gida duka, babbar taɓarya da jan guga su ne na ƙarshe, bayan watanni, in hannun ya saba da babbar gora. Ke kuma 'yarta, gobe in za a ɗaura ɗankwali ki tsaya a gefe, ki bar ta ta kai inda za ta iya, ki ƙarasa mata. Matar da ta saba ciyar da unguwa aka zaunar da ita tana kallon bango, ba hannunta kaɗai ke sagewa ba, kuma baƙin ciki yana ƙara wa ciwo gishiri.

Ƙosai ban ga abin da zai hana ki koma masa ba, Hajiya. Wuyarsa biyu ce: bugun ƙullu, da mai. Bugun ki bar wa 'yarki tukuna, ko ki yi da dama hagu yana riƙe da ƙwarya. A bakin kasko ki sa riga mai dogon hannu ta auduga, ki nemi matsami mai doguwar mariƙa, ki zauna yadda dama ce ke fuskantar wuta. In mai ya fallatsa a hagu, ruwan sanyi nan take, a wanke da sabulu, a rufe, a sa ido kwana biyu. Ki fara da mudu ɗaya, safiya uku a mako. Ki sa ɗanki ya rubuto mini bayan wata uku, ya faɗa mini yatsu nawa suka rage tsakanin layin gawayin hagu da na dama, da kuma ko na sefa ɗari har yanzu yana ƙosar da mutum.